Gwajin Kashe Kaifi: Shin Ruwan Ramin Ma'adinai Ya Shawu, Jini Kuma Ya Fi Ƙarfin Cuta?

Idan masu bincike a jami'a suka ce sun gwada ruwan da ke tsiyayowa daga ramin haƙar ma'adinai kuma sun kashe kaifinsa, ruwan ya zama na sha ke nan? Idan kuma aka gwada jinin mutum aka ga yana karya ƙwayar cuta, mutumin ya gama da cutar ke nan har abada?

Tambayoyin nan biyu suna yawo a Kaduna fiye da yadda ake zato. Ta farko takan taso da an ɗauko zancen zinaren Birnin Gwari ko ma'adinan kudancin jihar. Ta biyu kuwa tun zamanin korona ba ta kwanta ba, kuma takan farka duk lokacin da aka ji ɓullar zazzaɓin Lassa ko aka shigo da sabuwar allurar rigakafi. A zaurukan WhatsApp amsar a gajarce take zuwa: "ai masana sun tabbatar." Amma tsakanin abin da masanan suka auna da abin da ake cewa sun tabbatar akwai tafiya mai nisa.

Me ake aunawa tun farko?

Hausawa na cewa kanwa ta kar tsami, ƙwannafi ya kwanta. Duk macen da ta taɓa miyar yakuwa ta san kanwar tana da ƙa'ida: idan ta yi kaɗan tsamin na nan, kuma kanwar da ta ishi ƙaramar tukunya ba za ta ishi ta biki ba. Gwajin kashe kaifi bai wuce wannan ba a tushensa. Ana ɗauko abu mai cutarwa da aka san yawansa, a riƙa haɗa shi da makarinsa kaɗan-kaɗan, har a ga inda ƙarfinsa ya karye. Masanin duwatsu yana yi da asid da farar ƙasa. Masanin ƙwayoyin cuta yana yi da bairos da ruwan jini. Ba su haɗa ɗakin gwaji ba, ba su haɗa kayan aiki ba, amma dukansu lamba suke fitarwa, kuma lambar tana magana ne a kan samfurin da aka kawo, a ranar da aka ɗebo shi, da abokin karawar da aka haɗa shi da shi.

Daga ina tsamin ruwan rami yake fitowa?

Akwai wani dutse mai walƙiya kamar zinariya da masana ke kira fayirait, haɗin ƙarfe ne da salfa. Muddin yana binne a ƙarƙashin ƙasa ba ruwansa da kowa. Da an fasa shi an fito da shi fili, iska da ruwa suka same shi, sai salfar ta fara rikiɗewa zuwa asid irin na batirin mota, sai dai a tsarme. Akwai kuma wasu ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa a cikin tsamin, suna hanzarta aikin ninkin-ba-ninkin. Asid ɗin shi ke narkar da sauran ƙarafan da ke cikin dutsen, irin su dalma da tagulla da zinki da arsenik, ya kwaso su zuwa rafi. Alamar da ido ke gani ita ce ruwa ja ko ruwan goro, da wata laka mai launin tsatsa a kan duwatsun gefen rafi.

Ana auna tsami da ma'aunin pH, wanda aka saba lissafawa daga 0 zuwa 14. Bakwai ne tsakiya. Ruwan sha ana so ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, kowane mataki ɗaya ninki goma ne, don haka ruwa mai pH 3 ya fi mai pH 6 tsami sau dubu. Kogin Rio Tinto na ƙasar Sifen, inda aka shafe dubban shekaru ana haƙa, pH ɗinsa yana wajen 2. A wani tsohon rami a Kalifoniya ta Amurka an taɓa auna ruwan da ya faɗi ƙasa da sifili. A watan Agustan 2015 ma, ruwan wani ramin zinare da aka daɗe da rufewa a jihar Kolorado ya ɓalle, wajen galan miliyan 3 suka kwarara kogin Animas, kogin ya koma ruwan ɗorawa. A Afirka ta Kudu, ramukan zinaren yammacin Johannesbag sun fara aman ruwan tsami a 2002, bayan masu ramukan sun daina zuƙe ruwan. A gida kuwa, tsofaffin ramukan kwal na Inugu su ne misalin da ɗaliban Najeriya kan yi rubutu a kai.

Ba kowane rami ne ke yin tsami ba. Kuzar da aka wanke daga yashi a Filato da yankin Nok, inda a garin haƙar ne ma aka fara tono gumakan yumɓun nan a 1928, ba ta cika zuwa da salfa mai yawa ba. Zinaren da ke cikin jijiyar farin dutse, irin wanda ake bi a Birnin Gwari, shi ne ya fi zuwa tare da fayirait da danginsa. Sannan akwai wani abu game da ƙasar Kaduna da ya kamata a riƙe: mafi yawanta a kan tsofaffin duwatsu masu tauri take zaune, waɗanda ba su da farar ƙasa sosai. Sakkwato tana da farar ƙasar Kalambaina, Gombe tana da ta Ashaka. Inda ƙasa take da irin wannan dutse, ita da kanta takan shanye wani kaso na asid ɗin. Inda babu, abin da ya fito daga rami kusan haka zai isa rafi.

Lissafin da ake yi kafin a fasa dutse

Gwajin da aka fi sani shi ne wanda wani masani mai suna Sobek da abokan aikinsa suka wallafa a 1978 a ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta Amurka. Tambayoyi biyu ake yi wa dutse. Asid nawa za ka iya haifarwa? Asid nawa za ka iya shanyewa?

Ta farko daga yawan salfa ake samun amsarta. Kowane kashi 1 cikin 100 na salfa yana buƙatar kilo 31.25 na farar ƙasa a kowane tan na dutse kafin a kashe asid ɗin da zai haifar. Ta biyu kuma sai an niƙa dutsen ya zama gari, a ɗiga masa asid a ga yadda yake tafasa, sannan a jiƙa shi da asid da aka san yawansa, a dumama, a ƙarshe a auna nawa ya rage. Wanda ya ɓace shi ne abin da dutsen ya shanye. A ɗauki misali: dutse mai salfa kashi 2 cikin 100 yana buƙatar kilo 62.5. Idan abin da yake iya shanyewa bai wuce kwatankwacin kilo 30 ba, to akwai giɓi, kuma ko ba daɗe ko ba jima tsami zai fito. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, idan ƙarfin shanyewa bai kai na haifarwa ba akwai haɗari, idan ya ninka shi biyu ko uku ana ɗaukar dutsen a matsayin mai sauƙi. Tsakanin nan kuwa sai an ƙara bincike.

Kamfanoni da hukumomi suna son wannan gwaji saboda yana da araha, kuma cikin 'yan kwanaki an gama. Masu sukar dogaro da shi kaɗai suna da hujja mai ƙarfi. A ɗakin gwaji garin dutse ake jiƙawa da asid mai zafi, kowane ɓurɓushi ya samu. A bakin rami kuwa manyan duwatsu ne a jibge, farar ƙasar da ke cikin cikinsu ruwa ba zai taɓa ta ba. Akwai ma wani dutse mai ƙarfe da ake kira sidarait wanda kan ruɗi gwajin: ya shanye asid da farko, daga baya ƙarfen da ya saki ya dawo da tsamin. Uwa uba, gwajin ba ya faɗin lokaci. Tarin dutse na iya yin shekaru ruwansa lafiya lau, har farar ƙasar cikinsa ta ƙare, sannan tsami ya fara, wataƙila bayan mai lasisin ya kwashe komatsansa.

Shi ya sa ake da gwaji na biyu, mai cin lokaci. A zuba dutse a wani akwati, a riƙa busa masa busasshiyar iska da mai laima, a wanke shi duk mako a auna ruwan, a yi ta yi har mako 20 ko fiye, wani lokaci sama da shekara. A nan ne bincikenmu na jami'a ya fi rauni a ganina. Ɗalibin da ke da zango ɗaya ya miƙa kundinsa, kuɗin sinadarai daga aljihun mahaifinsa, wutar lantarki kuma sai an tayar da janareta, ba zai iya gadin akwati na wata shida ba. Zai je da rani ya ɗebo kwalabe kaɗan ya dawo. Alhali ruwan farkon damina, wanda ke wanko gishirin da ya taru a kan duwatsu duk tsawon rani, shi ne sau da yawa ya fi muni. Ba laifin ɗalibin ba ne, amma mai karanta sakamakon ya kamata ya tambayi watan da aka ɗebo ruwan.

Tsami ya tafi, gubar fa?

Nan ne kuskuren ya fi tsada. Ana yawan ganin binciken da ya gwada ɓawon ƙwai, ko toka, ko garin farar ƙasa a kan ruwan rami, aka ga pH ya tashi daga 3 zuwa 7. Aiki ne mai kyau, kuma gaskiya ne idan tsami ya sauka ƙarfe da alminiyam da tagulla sukan kwanta a ƙasa su zama laka. Sai dai ba duka ke kwantawa ba. Manganis sai pH ya haura 9 yake sakin ruwa sosai. Arsenik yana iya zama a narke a ruwan da ba shi da tsami ko kaɗan. Zaibar da masu wankin zinare ke amfani da ita wajen kama zinaren, farar ƙasa ba maganinta ba ce. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa dalma da arsenik a ruwan sha ita ce miligiram 0.01 a lita, adadin da ba harshe ko ido da zai gane shi. Lakar da ta kwanta ita ma guba ce a dunƙule, idan aka kwashe ta aka zubar a bakin gona, an canja wa matsalar mazauni ne kawai. Ko dutsen farar ƙasar da aka jera a magudanar ruwa, bayan ɗan lokaci tsatsa takan lulluɓe shi ya daina aiki.

Kuma kada a manta da Zamfara. Gubar dalmar da ta kashe yara aƙalla 400 a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba ta hanyar ruwan tsami ta zo ba. Dutsen zinare ake kawowa gida a daka a niƙa, ƙura ta bi tsakar gida da abinci da hannun yara. Haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015, maƙwabciyar Birnin Gwari. Da an gwada tsamin rijiyoyin garuruwan nan an samu 7 cif, da bai ceci yaro ko ɗaya ba.

Ɓangaren jini: kama ƙwayar cuta daban, hana ta aiki daban

Idan bairos ya shiga jiki, ko aka yi wa mutum rigakafi, jiki yakan ƙera sinadaran garkuwa iri-iri da ke manne wa ƙwayar. Da yawansu mannewa kawai suke yi. Kaɗan ne ke kama daidai wurin da ƙwayar ke amfani da shi ta shiga ƙwayoyin halittar jiki, su toshe shi. Gwajin ELISA da makamantansa na nan-take, waɗanda aka fi samu a asibitoci, masu mannewa suke gani. Suna iya cewa jikin nan ya taɓa haɗuwa da cutar ko allurarta. Ko garkuwar tana iya hana ƙwayar shiga, wannan sai gwajin kashe kaifi.

Ga yadda ake yin fitaccensu, PRNT. A tace ruwan jini, a dumama shi a zafin digiri 56 na minti 30. A tsarma shi mataki-mataki: kashi ɗaya cikin 10, cikin 20, cikin 40, cikin 80, a yi ta ninkawa. Kowane mataki a haɗa shi da rayayyen bairos da aka san yawansa, a bar su kamar awa ɗaya, sannan a zuba a kan shimfiɗar ƙwayoyin halitta da aka rena a faranti. Waɗanda aka fi amfani da su, masu suna Vero, daga ƙodar wani birin Afirka aka samo su a Japan a 1962. Bayan kwanaki sai a zuba rini. Duk inda bairos ya tsira ya ci ƙwayoyin, za a ga tabo kamar huji. A ƙirga hujojin. Matakin tsarmi mafi nisa da har yanzu ya rage hujojin da rabi shi ne lambar mutumin. Mai 1:320 jininsa ya fi na mai 1:20 ƙarfi a kan wannan ƙwayar.

Dabarar tana da tsohon tarihi a ƙasar nan. A shekarun 1930 masu binciken cutar shawara da ke Yaba a Legas sukan haɗa ruwan jinin mutane da bairos su yi wa ɓeraye allura. Idan ɓeran ya rayu, mai jinin ya taɓa yin cutar. Da haka aka zana taswirar inda shawara ta ratsa a Afirka ta Yamma. Har yau shawara na cikin cututtukan da suka fi buƙatar gwajin, domin danginta irin su dengi da Zika sukan ruɗi gwajin mannewa, haka ma allurar rigakafinta. Lokacin da cutar ta dawo Najeriya a 2017, daga jihar Kwara, cibiyar Pasteur ta Dakar ake aika samfura don tabbatarwa.

Yaushe lambar ke nufin kariya?

A wasu cututtuka an daɗe da daidaitawa. A shan inna, 1:8 ake ɗauka a matsayin kariya, kuma da wannan ma'auni aka riƙa gwada jinin yara a Kano a shekarun ƙarshe na yaƙi da cutar, don a san ko ɗigon da ake ta yi gida-gida yana kama jiki. Amsa ce ga tambayar da iyaye da yawa suka yi ta yi, wato me ya sa ake ta maimaitawa: ɗigo ɗaya ko biyu ba ya kama kowane yaro, musamman inda gudawa da rashin abinci mai gina jiki suka yi yawa. An ga shan inna na daji, wato nau'in asali, na ƙarshe a Najeriya a jihar Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da shi a watan Agustan 2020. A cutar haukan kare ma akwai iyaka sananniya, 0.5 a ma'aunin ƙasa da ƙasa a kowane mililita, wadda likitocin dabbobi ke dubawa.

Korona ce ta nuna iyakar abin. Da nau'in Omikron ya ɓulla a watan Nuwamban 2021, masu bincike a Durban ta Afirka ta Kudu suka gwada shi da jinin waɗanda aka yi wa rigakafi, suka ga ƙarfin kashe kaifin ya faɗi ninki da dama. Masu cewa allurar banza ce suka samu abin faɗa. Gaskiya ne mutane da yawa da aka yi wa allura sun kamu, amma kariya daga ciwo mai tsanani da mutuwa ba ta rushe haka ba, saboda jiki yana da wata rundunar, ƙwayoyin da ke farautar duk ƙwayar halittar da bairos ya riga ya shiga, da waɗanda ke ajiye tarihin cutar su sake ƙera garkuwa da sauri. Faranti ba ya ganin waɗannan. Zazzaɓin Lassa ya ma fi nuna haka: mutane da yawa sukan warke tun kafin garkuwa mai kashe kaifi ta bayyana a jininsu, takan zo a makare kuma ba da yawa ba. Tun a watan Mayun 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su ɗauki gwajin garkuwa a matsayin ma'aunin ko allurar korona ta kare su.

Kishiyar haka ma tana faruwa, abu ya yi aiki a faranti ya gaza a jikin mutum. Kulorokwin ya hana bairos ɗin korona yaɗuwa a ƙwayoyin Vero a farkon 2020, mutane suka yi ta saye, har jihar Legas ta ba da rahoton waɗanda suka sha fiye da kima aka kwantar da su. Da aka gwada ɗan'uwansa haidiroksikulorokwin a kan dubban marasa lafiya a Birtaniya, sakamakon watan Yunin 2020 ya nuna bai rage mutuwa ba. Duk wanda ya turo maka labarin cewa wani ganye ya kashe bairos a ɗakin gwaji, wannan tarihin ya isa ka ɗan dakata. Ba raina maganin gargajiya ba ne, matakin farko ne aka taka daga cikin matakai masu yawa.

Me ya sa ba a cika yin gwajin a nan ba, kuma me ya shafi talaka?

Rayayyen bairos ba abin wasa ba ne. Na korona a lokacin annobar sai a ɗakin tsaro mataki na 3, na Lassa da Ebola kuwa mataki na 4, mafi tsanani. Ana buƙatar firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, da wutar da ba ta ƙiftawa. Dabarar da ta sauƙaƙa abin ita ce a ɗauki wani bairos marar haɗari a sa masa rigar mai haɗarin, sai a yi aikin a ɗaki mataki na 2. Akwai masu ganin wannan ya wadatar, akwai masu cewa sai an riƙa gwama shi da na ainihi, domin lambar ɗaki ɗaya ba lallai ta yi daidai da ta wani ba. Dalilin ke nan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da samfurin ma'auni na bai-ɗaya na korona a watan Disamban 2020.

Jihar Kaduna ta san zafin jiran sakamako daga waje. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji aka fara tabbatar da ita a duk Afirka, a watan Fabrairun 2006, kuma sai da samfurin ya je Italiya. A ɓangaren ruwa da duwatsu kuwa jihar ba ta rasa wuraren aiki ba: ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi duba illar aikinsa ga muhalli da gyara wurin bayan ya gama. Matsalar ita ce yawancin ramukan da ke ƙauyukanmu na 'yan haƙa ne da ba su da lasisi, wasu ma a dazukan da mai bincike ba zai iya shiga da kwalabensa ba saboda rashin tsaro.

Don haka nauyin yakan faɗo kan mai unguwa, da manomin fadama, da makiyayin da shanunsa ke sha a kududdufin rami. Idan kamfani ko jami'i ya zo da takarda ya ce an gwada ruwa, a duba ko bayan pH akwai layin dalma da arsenik da zaiba, kowanne da lambarsa, a kuma tambayi ko da rani aka ɗeba ko da damina, kuma wa ya biya kuɗin gwajin. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma dalma ba ta bin tururi, ƙara kauri ma take yi a abin da ya rage a tukunya. Alif yana kwantar da laka, ba ya ba da tabbacin ƙarafan sun fita. Mai juna biyu da yaro ƙasa da shekara biyar su dalma ta fi yi wa illa, kuma inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gari, jinin yaran ya fi ruwan rijiyar buƙatar gwaji.